Neman shawara: nawa za mu rubuta a gwanjon filin gwamnati?

Ɗan Agege: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu 'yan kasuwa ne muka haɗa jari, muna son shiga gwanjon wani babban filin gwamnati ta wajen Epe a jihar Legas, mu gina rumbunan ajiyar kaya. A rufe ake miƙa tayin, ba mai ganin na wani. Wasunmu na cewa mu zuba duk abin da ke hannu kada manyan kamfanoni su riga mu. Ni hankalina bai kwanta ba, don akwai dukiyar marayu a ciki. Yaya ake tsayar da farashi?

Lauya: Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin batun farashi, wa ke sayarwa? Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, saboda haka izinin zama za ku saya, galibi na shekara 99. Ku kai taswirar filin ofishin Safiyo Janar na jiha a duba ko hanya za ta ratsa shi. Kun ga gine-ginen da aka rushe a 2024 saboda titin Legas zuwa Kalaba.

Injiniya: Alhaji, daga ƙarshe ake faro lissafi. Nawa rumbunan za su kawo na haya? Ku cire kuɗin gini, ku cire na takardu da izinin gini, ku ware ribarku. Abin da ya rage shi ne iyakar tayinku, ko sisi kada ku ƙara. Kuma ku je filin da damina, ku taka da ƙafarku. Wani wurin za ka ga ciyawa shar, ka soka sanda ta nutse har gwiwar hannu. Cikon yashi da turakun kankare kaɗai sai su haɗiye jarin. Kamfanin da ke da jirgin haƙo yashi nasa zai iya tayin da ku ba za ku iya ba, in ya ɗara ku, ku bar masa.

Hajiya, Idi-Araba: Ƙanena, ku karanta sharaɗin kafin alƙalami da wa'adin cika kuɗi, don wanda ya ci gwanjo ya kasa biya yakan yi asarar abin da ya ajiye. Ku yi yarjejeniya a rubuce tsakaninku tun yanzu. Sannan adadin ya tsaya a bakin mutum biyu, ko dillali kada ya ji. Ku kuma tanadi na katanga da maigadi saboda omo onile, wato masu da'awar filin na kakanninsu ne, suna tatsar masu gini kuɗi.

Ɗan Agege: Allah ya saka da alheri. Injiniya, gwajin ƙasar kafin miƙa tayi ake yi ko bayansa?

Injiniya: Kafinsa, in masu gwanjon sun ba ku izinin shiga. In sun hana, ku ɗauka fadama ce, ku rage tayin.