Shin damben 'yan dagaji ne ya cinye ƙuruciyar Lomachenko?

Abu Fahad, Riyad: Assalamu alaikum jama'a. Ga maganar da nake tsaye a kanta, mai ja ya ja: Vasyl Lomachenko, ɗan boksin na ƙasar Yukiren, ya ɓata ƙuruciyarsa a damben 'yan dagaji. Dambe 397 ya yi yana farautar lamba, ya ci 396, sau ɗaya tak aka doke shi. Yana ɗan shekara 20 ya ci zinare a Olamfik ta Beijin a 2008, ajin fezawet, kilo 57, har aka ba shi kofin wanda ya fi kowa iya dambe a gasar. To me ya rage masa kuma? Amma ya ƙara zama shekara biyar, sai a watan Oktoba na 2013 ya shiga damben kuɗi yana da shekara 25. Ya ajiye safar hannu a 2025 da dambe 21 kacal, ya ci 18, an doke shi 3, kuma bai taɓa haɗa kambu huɗu na manyan hukumomin damben duniya a aji ɗaya ba. Wallahi abin yana ci mini rai, don ban taɓa ganin mai ƙafa irin tasa ba.

Kawu, Jidda: Wa alaikumus salam ɗana. Ita ƙafar da kake yabo, a ina ya samo ta? Mahaifinsa Anatoly, wanda shi ne kocinsa tun daga farko har ƙarshe, ya cire shi daga dambe yana yaro ya kai shi koyon rawar gargajiyar Yukiren na wasu shekaru, sannan ya dawo da shi. Daga nan kuma sai gasa bayan gasa, yau ɗan Rasha, gobe ɗan Kuba, jibi bahago, gata dogo mai miƙa hannu. Babu irin ɗan damben da bai gani ba kafin a biya shi ko sisi. Shi ya sa a dambensa na uku na kuɗi, ranar 21 ga Yuni 2014, ya ɗauki kambun hukumar dambe ta WBO na fezawet, da ba ya hannun kowa, bayan ya doke Gary Russell, wanda a lokacin ya yi dambe 24 ba a taɓa doke shi ba. Kafin shi mutum ɗaya ne ya taɓa cin kambun duniya a dambe na uku, wani ɗan Tailan, Saensak Muangsurin, a 1975. Shekarun da ka ce an ɓata, su ne suka gajarta masa hanya.

Abu Fahad, Riyad: Kawu, Allah ya ƙara girma, amma ka tsallake dambe na biyu.

Ɗan Madina: Yawwa, nan nake jira a zo. Na sake kallon damben nan nasa da Orlando Salido, na 1 ga Maris 2014 a San Antoniyo, kuma duk mai son gane bambancin damben lamba da na kuɗi ya zauna ya kalle shi. Tun daga sikeli aka fara cin Loma. Iyakar ajin fam 126 ce, Salido ya hau ya wuce da fam biyu da 'yan kai, aka ƙwace masa kambu nan take, bai ko damu ba. A damben 'yan dagaji da safiyar ranar dambe ake awo, don haka ba ka da lokacin da za ka sake cika. A na kuɗi kuwa tun jajibiri ake awo. Salido ya kwana yana ci yana sha, ya shigo fage da nauyin fam 147. Sai ya sunkuyar da kai, ya manne wa yaron a ƙirji, yana sakin naushi ƙasa da ɗamara, a cinya, a ƙugu, alƙalin wasa yana tsaye bai rage masa maki ko ɗaya ba. Loma kuma sai rirriƙe shi yake yana jiran a raba, yana tattalin numfashi, saboda bai taɓa yin turmi 12 ba a rayuwarsa. Sai a turmin ƙarshe ya saki jiki, ya sami Salido a ciki, mutumin ya lanƙwashe ya rungume shi har aka kaɗa ƙararrawa. Alƙalai biyu suka ba Salido, 116-112 da 115-113, ɗaya ya ba Loma 115-113. Dambe 396 da ya ci bai koya masa abin da zai yi da mai mugunta ba.

Kawu, Jidda: Kuma wata uku da 'yan kwanaki bayan nan ya yi turmi 12 da Russell ya ci. Wanda ba shi da tushe ba ya gyara kansa a cikin wata uku.

Yaya Ummi, Makka: Ku bar ni in sa baki, ko da yake a gidanmu maza ne masu kallon boksin, ni ta dalilin Baba na saba. Abu Fahad, ka zo da lissafin da ba ya tsayawa da ƙafarsa. Kai ba a Riyad kake ba lokacin da Oleksandr Usyk ya doke Tyson Fury a watan Mayu na 2024? Shi ma ɗan Yukiren ne, abokin Loma, tare suka ci zinare a Landan a 2012, shi ma ya yi dambe sama da 300 a 'yan dagaji, shi ma sai 2013 ya shiga na kuɗi, har ya girmi Loma da shekara guda. Ya haɗa kambu huɗu a ajin kurusa, wanda ke ƙasa da na manya, a 2018, ya zo ya haɗa na manya a gabanku. In daɗewa a damben lamba ne ke cinye mutum, me ya sa bai cinye Usyk ba?

Abu Fahad, Riyad: Yaya, manyan aji daban ne. Mai nauyi yana kai shekara 37 yana dambe lafiya, don ƙarfi ba ya saurin tafiya. Ƙaramin aji kuwa da sauri ake cin abinci, kuma sauri ne ke fara gudu. Ki duba Salvador Sanchez na Meziko. Yana ɗan shekara 16 ya shiga damben kuɗi a 1975, ya ɗauki kambun WBC na fezawet a 1980 a hannun Danny Lopez, ya kare shi sau tara, ya rasu a haɗarin mota a watan Agusta na 1982 yana da shekara 23. A yawan shekarun haihuwar da Sanchez ya gama kafa sunansa, shi Loma yana can sanye da hular kare kai yana tara maki a kwamfuta. Loma sau uku kawai ya kare kambun fezawet ya haura gaba. Idan ana lissafin sarakunan wannan aji, wa zai sa shi gaba da Sanchez?

Kawu, Jidda: Tunda ka ambaci Sanchez, ka ambaci wanda ya fi ba shi wuya. Azumah Nelson na Gana ne, a Madison Square Garden, watan Yuli na 1982. Dambe 13 kawai Azumah ya yi na kuɗi a lokacin, kuma kiran gaggawa aka yi masa ya maye gurbin wani. Ya kai Sanchez har turmi na 15 kafin a tsayar. Me ya riƙe shi a tsaye? Zinaren da ya ci a wasannin Afirka da na Kwamanwel a 1978, duk a fezawet. Shekara biyu bayan damben Sanchez ya je har Fotoriko ya kwantar da Wilfredo Gomez ya ɗauki kambu. Mu da muka ji wannan a rediyo ba za a ce mana damben lamba ɓata lokaci ba ne. Ko namu Hogan Bassey na Kalaba, da ya ci kambun duniya na wannan aji a Faris a 1957, da ya ajiye dambe komawa gida ya yi ya horar da 'yan dagajin Najeriya, don ya san daga nan ake gina mutum.

Ɗan Madina: Ni fa ina tsakiya, amma ba don gudun ɓacin ran kowa ba. Abin da na gani shi ne, matsalar Loma jikinsa ce, ba shekarunsa ba. Mutumin fezawet ne na asali, iyakar da jikinsa zai kai fam 130. A nan ya yi abin da ba a saba gani ba: Nicholas Walters, Jason Sosa, Miguel Marriaga, Guillermo Rigondeaux, mutum huɗu a jere dambensu ya ƙare a kan kujera tsakanin turmi, ba wanda ya kai ƙarshe. Rigondeaux ɗin nan shi ma zinaren Olamfik biyu gare shi. Da ya haura fam 135 neman manyan sunaye sai ya fara haɗuwa da waɗanda suka fi shi ƙashi. Jorge Linares ya kai shi ƙasa a turmi na 6 a 2018, kafaɗarsa ta yage a wannan damben, duk da haka ya tashi ya gama da shi da naushin ciki a turmi na 10.

Abu Fahad, Riyad: To kafaɗar nan me ya cinye ta? Dambe kusan 400 da atisayen da ke bayansu. Kuma ka tuna da Teofimo Lopez a 2020: turmi shida na farko kusan bai jefa hannu ba, yana karantar mutum, ya farka bayan an riga an yi masa nisa. Yana da shekara 32, Lopez 23. Da ya shigo a 2009, da wannan damben ya same shi da ƙwarewar turmi 12 ta shekara goma sha ɗaya.

Yaya Ummi, Makka: Ko kuma da ya shigo a 2009 an haɗa shi da irin su Salido yana ɗan shekara 21, an farfasa masa jiki tun bai nuna ba. Wannan "da" ɗin kowa zai iya juya ta yadda yake so. Kuma ƙanina, akwai abin da ba ka sa a lissafi ba. A 2022 an gama magana zai je Ostireliya ya kara da George Kambosos, ya ce a'a, ya zauna gida ya shiga rundunar tsaron garinsu saboda yaƙi. Devin Haney ne ya tafi a madadinsa ya haɗa kambu huɗu. Wannan ba damben 'yan dagaji ne ya hana shi ba.

Kawu, Jidda: Kuma da suka haɗu da Haney a watan Mayu na 2023, yana da shekara 35, ku je ku kalli turmi na 10 da na 11. Yaron da Loma ya girma da shekara goma ne yake ja da baya, kansa na ta komawa baya da naushin hagu. Alƙalai suka ba Haney 115-113 sau biyu da 116-112. Ni har gobe Loma ne ya ci damben nan.

Abu Fahad, Riyad: A wannan ba ni da ja, Kawu, ni ma Loma na ba. Amma a turmi na 12 ya sassauta, da bakinsa ya ce ya ɗauka ya riga ya ci. Da ya ɗauki wannan turmin, katin alƙalai biyu ya koma 114-114, an tashi canjaras.