Murafun ramukan suwic a zafin Maraɗi: a cire ko a bari?

Ɗan Bagalam: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ga wata magana da nake so mu tattauna, don na gwada da hannuna. Ina kula da rezon wata ma'aikata a nan cikin gari. Muna da tsohuwar Catalyst 6509 da aka sayo ta hannu, babbar suwic ce, wato na'urar da ke haɗa ordinatoci da juna a rezo. Ramukan kati tara gare ta, huɗu ne kawai ke da kati: ɗaya mai jan ragama, uku na kabul. Sauran biyar ɗin an toshe su da murafun ƙarfe. Tun shigowar Afrilu fitilar gargaɗi ta koma ruwan goro. Shekaranjiya na kwance murafun nan biyar, na cire ƙyauren gefen rak, wato akwatin ƙarfen da take ciki, na kafa mata fanka ta tsaye. Kafin la'asar ma'auni ya sauko daga digiri 44 zuwa 38. Ni dai na tsaya a kan cewa murafun nan don ƙasashe masu sanyi aka yi su. A Maraɗi shaƙe na'ura kawai suke yi.

Mai Siber: Wa alaikumus salam. Maganarka dutse, abokina. Ordinatocin shagona duk a buɗe suke tun bara, gefe ɗaya a cire, kuma ba wadda ta sake mutuwa da tsakar rana. Ko mutum ne ya ji zafi ai tuɓe riga yake yi.

Tsohon Ma'aikaci: Ɗana, sannu da ƙoƙari. Amma abu uku ka yi lokaci guda, ka ba ɗaya daga cikinsu lada. Mi ya nuna maka murafun ne sunka sauko da zafin? Kuma wane ma'auni ka karanta? Na'urar nan ba ma'auni ɗaya gare ta ba. Katunan suna da na bakin shigar iska da na bakin fitarta. Rubuta mata umarnin show environment temperature ka kawo muna duka, kati bayan kati.

Ɗan Bagalam: Baba, na bakin shiga na katin ragama na duba. Shi ne ke ta da fitilar.

Tsohon Ma'aikaci: To shi ke nan. Wanga ma'auni zafin iskar da ke shigowa yake faɗa maka, ba halin da katin ke ciki ba. Bari in ba ka yadda aka gina ta, don na yi shekaru ina ɗaga irinta. Catalyst 6500 ta fito a 1999. Katunanta a kwance suke, kamar faifai bisa faifai. In ka tsaya gabanta, jeren fankokinta na hagu, a tsaye daga sama har ƙasa. Ba hura iska suke yi ciki ba, zuƙo ta suke yi. Iska ta shigo ta ramukan gefen dama, ta bi ta kan kowane kati tun daga wanga gefe har wancan, ta ratsa haƙarƙarin sanholon da ke manne bisa ƙwaƙwalwar katin, ta kwashi zafi, ta fita ta hagu. Hanya ɗaya ce, kuma sai gaba na rufe take aiki.

Ka je Jiratawa ka ga yadda ake ban ruwa. In bakin kwata ya ɓalle kusa da famfo, ruwa nan zai malale, fangalin da ke can ƙarshe ya bushe, alhali injin na ta ruri. Iska ma haka take, inda ya fi sauƙi take bi. Ka buɗe mata manyan ƙofofi biyar a gaba, dab da fankokin. Don mi za ta wahalar da kanta ta matse tsakanin katuna? Fankokin na juyawa, kana jin iska a hannunka, amma wadda ke bi ta kan katunan ta ragu.

Ɗan Bagalam: Na ji misalin, Baba, kuma ya shige ni. Amma zafi dai ya sauka, da idona na gani. Ba zan ƙaryata ma'auni ba.

Ɗalibar Jami'a: Yaya, ba wanda ya ce ma'aunin ya yi ƙarya. Ina ganin ƙyauren gefen da ka cire shi ne ya yi aikin. Wane gefe ne, kuma ya tazararsa da jikin na'urar?

Ɗan Bagalam: Na hagu ne, ƙanwata. Tazarar ba ta wuce faɗin yatsu uku ba. Gefen dama kuma yana jikin bango, nan ne muka tattara kabul ɗin duka muka ɗaure su dami guda.

Ɗalibar Jami'a: Ka ga ciwon ke nan. Iskar zafi tana fita ta hagu ta daki ƙyaure, ba ta da wurin zuwa, sai ta zagaya cikin rak ta dawo dama, na'ura ta sake zuƙar abin da ta fitar. Takardar girka ta ma ta nemi a bar santimita 15 tsakanin bango da bakin shiga ko bakin fitar iska, kuma kamar santimita 30 in akwai wata na'urar da ke fesa zafinta a gefe. Da ka cire ƙyauren, zafin ya sami mafita, shi ya sa ma'aunin shiga ya sauka. Murafun kuwa ba ruwansu da wannan sauƙin. Ina tsoron ma ɓarna suke yi a ɓoye.

Ga lissafin da muka yi a aji, mai sauƙi ne. Kusan duk wutar da suwic ta ci, zafi take komawa. Don a kwashe zafin kilowat 1 ba tare da iskar ta ƙaru da fiye da digiri 10 ba, ana bukatar iska wajen mita kubik 300 a awa. In rabin iskar ne kawai ya bi ta kan katin, ƙarin zafin zai ninka ya zama digiri 20. Kuma ma'aunin bakin shiga ba zai gaya maka komai a kan wannan ba.

Mai Siber: Malama, lissafi daban, aiki daban. Ni shekara guda ke nan ordinatocina na buɗe.

Tsohon Ma'aikaci: Alhaji, taka daban ce. A cikin ordinata ta tebur, ƙwaƙwalwar na da fankarta a kanta, ko ka buɗe ko ka rufe tana samun mai yi mata fifita. Katin babbar suwic ba shi da fanka ko ɗaya a jikinshi. Rayuwarshi duka na hannun iskar da jeren fankokin nan ke jawowa ta kanshi. Shi ya sa masu ƙera ta sunka ce kada a kunna ta sai kowane rami na da kati ko murfi, kuma dalili uku sunka bayar: kare hannun mutum daga wutar da ke allon baya, tsare hayaniyar lantarki kada ta dami wasu na'urori, da kuma bi da iska hanyarta.

Ɗan Bagalam: To Baba, in haka ne laifin masu tsara ta ne. Wa ke fitar da iska ta gefe, alhali sauran kayan rak duk gaba suke sha su fitar ta baya? Ai wannan shi ne na ce ba su yi tunanin irin ɗakunanmu ba.

Tsohon Ma'aikaci: Nan kam kana da rabin gaskiya. Amma ba ganganci ba ne. Bayan na'urar akwai babban allo a tsaye wanda kowane kati ke cusa ƙafafunshi ciki, ta nan katuna ke magana da juna kuma ta nan suke samun wuta. Allon nan bango ne, iska ba ta ratsa shi. Gaba kuma fuskar katin cike take da ramukan kabul, har 48 a kati guda. Ina iska za ta bi in ba gefe ba? Sun san matsalar. Sun yi wata 6509 mai katuna a tsaye, wadda ke shan iska ta gaba ta fitar ta baya. Da wata babbar suwic ɗinsu, Nexus 7000, ta zo a 2008, mai rami goma gaba zuwa baya take, mai rami goma sha takwas kuwa gefe zuwa gefe. A 2013 ne sunka fito da Nexus 9500 wadda babu allon tsakiya sam: katunan gaba a kwance, na baya a tsaye, suna cizon juna kai tsaye, iska ta wuce ta tsakaninsu. Duk da haka Catalyst 9400 ta 2017, wadda aka yi don ofisoshi, har yanzu ta gefe take numfashi. Kowace da irin ɗakin da aka yi ta dominshi. Kafin ka sayi rak, ka fara sanin ta ina na'urarka ke shaƙa.

Mai Kilim: Ku yi mini afuwa in sa baki, ni ba ɗan rezo ba ne, amma ni ake kira in ɗakunanku sun ɗau zafi. Malam, kana cewa 38 kamar ka tsira. Na'urar nan iyakarta ta aikin yau da kullum digiri 40 ne. Masana sanyaya ɗakunan na'urori suna so iskar shiga ta tsaya tsakanin 18 da 27. Fankarka ta tsaye ba ta rage zafin ɗaki ko kaɗan, jujjuya shi kawai take yi. Mutum yana jin daɗinta don yana gumi, ƙarfe kuwa ba ya gumi. Ina kilim ɗin ɗakin?

Ɗan Bagalam: Akwai, maigida, mai doki ɗaya da rabi. Amma ba ya kan ondila, akwatin batir ɗin da ke riƙe na'urori in wuta ta ɗauke. In kuran ya tafi, suwic na ci gaba, shi kuwa ya tsaya har a tada gurup.

Mai Kilim: Wannan ne abin da ya fi ba ni tsoro, ya fi murafun. Doki ɗaya da rabi yana kwashe wajen kilowat 3 da rabi, in matatarsa na da tsabta kuma injin waje ba ya cikin rana. Ya ishe ka in yana aiki. Amma ɗauki ɗaki mai mita 3 kowane gefe, a rufe. Iskar da ke ciki ba ta fi kilo 32 ba. Kilowat 1 kaɗai zai iya ƙara mata kusan digiri 2 a minti guda, ba don bango da ƙarafa na shanye wani abu ba. Na taɓa shiga irin wannan ɗaki da azahar a watan Mayu, rufin kwano ba silin, na kama hannun ƙofar rak sai da na saki. Dukanmu mun ga yadda aka sha a 2023 lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba ƙasar nan a watan Agusta. Duk mai babbar suwic a garin nan ya kamata ya san minti nawa ɗakinsa ke ɗauka kafin ya kai 40.

Sai ƙura. Yanzu kana tunanin bazara, ka manta hunturu na tafe. Ramuka biyar a buɗe, da fanka na watsa musu iskar ƙasa, hazon Disamba zai kwanta bisa haƙarƙarin nan kamar bargo. In damina ta kawo laima ya dunƙule ya zama laka. Kuma don Allah kada kowa ya sa irin na'urar sanyin nan mai ruwa a ɗakin rezo, na ga inda aka yi, sai tsatsa.

Mai Siber: Batun ƙura na yarda, duk wata sai na bushe nawa. Amma ni har yanzu ina ganin wannan ƙatuwar ba ta wurinmu ba ce. Kati uku na kabul fa. Ƙananan suwic uku masu ramukan kabul 48 za su yi aikin, wutarsu kaɗan, batir ya daɗe, ba wannan ruri kamar injin niƙa.

Tsohon Ma'aikaci: Ban ƙi taka ba, Alhaji. Amfanin babba shi ne kati ya mutu ka zare ka sa wani tana aiki, akwatin wuta biyu, in ɗaya ya tafi ɗaya ya riƙe. Inda tsayawar minti biyar ke jawo asara, ta cancanci kuɗinta. Inda ba haka ba, tsohuwa irin wagga tana cin kuran da ya fi aikinta. Sai dai yaron nan ita gare shi yau, kuma ita za ta kwana a kunne daren nan.

Ɗalibar Jami'a: Yaya, ka raba gardamar da gwaji. Ka bar ƙyauren a cire yadda yake. Ka rubuta ma'aunin shiga da na fita na kowane kati yanzu. Sannan ka mayar da murafun biyar, ka kashe fankar tsaye, ka jira awa guda ka sake rubutawa. Tazarar da ke tsakanin shiga da fita ita za mu duba.

Ɗan Bagalam: Na dawo. Na yi yadda kika ce bayan sallar azahar. Ma'aunin shiga bai motsa sosai ba, yana nan 38. Amma katin da ke dab da ramukan da na buɗe, tazararsa ta ragu daga digiri 17 zuwa 11 da na mayar da murafun. Na sa tafin hannu a gefen dama na ji yana zuƙa da ƙarfi, abin da ban ji ba jiya. A kan murafu na sauka, Baba, kun fi ni gaskiya. A kan rak kuwa ina nan kan bakana: wanda aka sayar mana bai dace da ita ba, kuma ƙyauren nan ba zai koma ba sai na sami mai raga.

Tsohon Ma'aikaci: Madalla, ɗana. Ka janye rak ɗin daga bango, ka sassauta damin kabul ɗin nan ya bar bakin shiga. Amma kada ka maishe su hagu, za su tare maka jeren fankoki ranar da kake so ka zare shi.

Mai Kilim: Malam, ka auno mini tsawon ƙyauren da faɗinsa. Akwai mai walda kusa da shagona da zai yanke tsakiyar ya sa raga. Gobe in Allah ya kai mu zan biyo da safe in wanke matatar kilim ɗin, mu kashe shi minti goma da agogo a hannu mu ga inda ma'auni zai kai.