Neman shawara: a kai Babanmu wurin mai allurar China?

Assalamu alaikum ƴan uwa. Admin, a sakaya sunana. Daga Daura nake. Babanmu ya fara da kasa riƙe buta da hannun dama, yanzu maɓallin riga ma sai an saka masa, harshensa kuma ya yi nauyi. Likitan jijiyoyi a Kano ya ce MND ce, wato jijiyoyin da ke motsa tsoka ne ke mutuwa. Sai aka haɗa mu da wani mai tsira siraran allurai irin na ƴan China, ya ce zai tashe shi tsaf. Kuɗin kuwa sai an sayar da gonar Baba. Yayanmu ya amince, ni dai hankalina bai kwanta ba.

Wata ma'aikaciyar jinya, Katsina: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba sauƙi. Ƙanwata, kada ku taɓa gonar nan. Har yau ba a samo maganin da ke warkar da wannan ciwo ba, ko a China. Maganin Riluzole da aka amince da shi a Amurka a 1995, ƴan watanni kawai yake ƙara wa mutum, shi ma sai ana gwada hanta. Allurar ƴan Chinan kan rage wa wasu ciwon jiki, amma jijiyar da ta mutu ba ta dawo da ita. In za ku gwada, likitansa ya sani, kuma a ɓare sabbin allurai a gabanku saboda ciwon hanta.

Wani ɗan uwa: Kawuna an yi masa, ya miƙe har yana zuwa masallaci.

Ma'aikaciyar jinyar: Malam, in shanyewar ɓarin jiki ce, daban take. Waccan jini ne ke yankewa daga ƙwaƙwalwa, mutum kan farfaɗo. MND kuwa gaba take ci kullum.

Wani dattijo: Ɗiyata, wanda ya ce miki "zan tashe shi" kafin ya ga maras lafiya, gonar ya hango. Ku zauna da Yayanku, a kira mahaifinku a tambaye shi. Hankalinsa na nan, gonarsa ce.

Wani mai gashin ƙashi: Kuɗin ku tanade su ga keken guragu da motsa jiki. Ku lura da haɗiya: a zaunar da shi sosai kafin ya ci, kunu mai kauri ya fi ruwa sauƙin wucewa. In ya fara ƙwarewa, ko numfashi na yi masa wuya in ya kwanta, ku koma asibiti ranar.

Mai tambaya: Na gode. Ƙwarewar ma ya fara, jiya da ruwan shayi. Zan kira Yaya yanzu.