Jar ƙura ta ɓata mini fararen haruffa: in goge ko in sake bi da leza?

Mai_Alluna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. An ba ni aikin ƙananan allunan ƙofa guda 60 a kan robar nan mai hawa biyu, ja a sama, fari a ƙasa, leza ta sassaƙe jan sai harafi ya fito fari. Na'urata leza ce irin ta CO2, wato mai aiki da iskar gas, mai wat 60. Na gama 40, na yanke su, na kwashe su daga kan gadon na'ura. Haruffan da ya kamata su fito fari tas sun koma ruwan hoda, jar ƙurar ta kwanta cikin ramin harafi ta manne. Na wanke da sabulu da ruwa har sau biyu, kaɗan ta fita. Jibi zan miƙa aiki, kuma fallen da ya rage a hannuna 20 ɗin ƙarshe kawai zai yi. In goge da sifirit, ko in mayar da su in sake bi, ko in haƙura in sayo sabon falle? Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mini abin da ya yi.

Ɗan_Hayaƙi:
Wa alaikumus salam. Sabulun wanke-wanke da ruwa mai ɗumi, ki sa buroshin haƙori mai laushi. Shi ke nan.

Yanka_Daidai:
Hajiya, salatif ɗin takarda ake manna wa fallen kafin a fara, ƙurar sai ta sauka a kansa. Ni ban taɓa aiki babu shi ba.

Mai_Alluna:
Na gode, amma na ce na riga na wanke da sabulu, kuma 40 ɗin an gama su. Maganar salatif sai dai a gaba.

Tsohon_Hannu:
Ƙanwata, kada ki kusanci sifirit sai kin ji abin da ya same ni. Na taɓa karɓar aikin bajo 150 na wani taro, a kan roba mai haske wadda ake sassaƙawa ta baya. Na gama da daddare, ƙura duk ta ɓata su. Na zuba sifirit mai ƙarfi, kashi 99 cikin 100, a cikin faranti, na riƙa tsoma su ɗaya bayan ɗaya ina gogewa. Suka fito kamar madubi. Na jera a kwali, na rufe, na kwanta ina murna. Da safe ban ko buɗe ba na aika. Ba a yi awa biyu ba mai aikin ya kira ni, muryarsa ma ta canza. Da aka dawo da kwalin na ga gefen kusan kowane bajo ya tsattsage, ƙananan layuka kamar gashi sun shiga ciki daga bakin yanka, musamman wajen hujin rataya.

Daga baya na gane dalili. Inda leza ta yanka akirilik, wato irin robar da na yi bajon da ita, wurin ya narke ne ya sake daskarewa da sauri, sai ya zauna a ɗaure ta ciki ko da ido bai gani ba. Sifirit na taɓa wurin sai ya buɗe. Na sake aikin gaba ɗaya daga aljihuna, na kwana biyu ban yi barcin kirki ba, aka kai bajon taro ya riga ya fara. Mutumin bai zage ni ba, wallahi da ya zage ni ya fi mini sauƙi. Shiru ya yi, kuma bai ƙara kawo mini aiki ba, shi da duk waɗanda yake turo mini. Shekara uku muna tare. Har yau in na ji warin sifirit a wurin aiki sai gabana ya faɗi.

Uwar_Bajo:
Allah ya mayar da alheri, Yaya. Ni tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, ita ce ta yi mini haka a farkon koyo. Jan ya narke ya bi tsumma, ya shafe farin gaba ɗaya. Tina da asiton, ruwan goge fentin farce, duka narkar da robar suke yi, ba gogewa ba.

Injiniya_CO2:
Malam Tsohon_Hannu, na tausaya maka, amma kada a tsorata baiwar Allah. Taka roba mai haske ce, kuma tsomawa ka yi. Fallayen nan masu hawa biyu da aka yi don leza, irin su LaserMax na Rowmark ko TroLase na Trotec, akirilik ne da aka gyara ya fi juriya. Ni da sifirit nake goge su kullum, ɗan kaɗan a tsumma mai laushi, a cikin harafin kawai, ba na barin ya gangara bakin yanka. Ban taɓa ganin tsagewa ba.

Tsohon_Hannu:
Ta faɗa maka irin fallen da ke hannunta? Ba ta faɗa ba. To a kan me za ka ba ta tabbaci?

Ɗan_Hayaƙi:
Hajiya ki ce wa kwastoma ruwan hoda ake yayi bana, ki ƙara masa kuɗin kala ta uku.

Uwar_Bajo:
Kai dai ba ka rabo da wasa, mutum na cikin damuwa. Ƙanwata, nafta nake amfani da shi, man da ake zuba wa laita. Yana ɗauke danƙon hayaƙin, bai kai sifirit saurin tsaga akirilik ba. Ki nisanta shi da na'ura don yana kama wuta, ki buɗe taga. Ki fara gwadawa a guntun da kika yar.

Yanka_Daidai:
Duk wannan wahalar salatif ke kashe ta, kuma kuɗinsa ba ya ko shiga lissafi.

Injiniya_CO2:
Ba ya shiga lissafi? Faffaɗan na gaske mai raunin gam, in ka lissafa a kan kowane falle, yana cin wani yanki mai kyau na ribar aiki. Ga lokacin tsince shi daga cikin kowane "a" da "o". Sannan ba zai hana abin da take kuka da shi ba. Salatif fuskar ja yake karewa, ita kuwa ƙurar cikin farin ramin ta kwanta, inda leza ta riga ta cinye salatif ɗin. Amfaninsa a wurin yanka ne.

Yanka_Daidai:
Ni dai nadi ɗaya yana kai ni wata da watanni, ban san inda kake sayen naka ba.

Tsohon_Hannu:
Malam Yanka_Daidai, wace na'ura kake da ita?

Yanka_Daidai:
Dayod ce, ƙaramar lezar nan da ba ta CO2 ba. Amma ƙura ai ƙura ce.

Tsohon_Hannu:
Ba raini ba ne, amma wanda katako da fata ne yawancin aikinsa bai kamata ya yanke hukunci a kan roba mai hawa biyu ba. Hasken dayod shuɗi ne, launin abu ke sa ya ci ko ya ƙi, ba irin na CO2 ba ne.

Yanka_Daidai:
To Baba, kai da ka yi asarar bajo 150 ne za a saurara?

Uwar_Bajo:
Haba, wannan magana ba ta dace ba. Wanda ya faɗi a rami shi ya san zurfinsa. Ka ba shi haƙuri.

Yanka_Daidai:
Na yi kuskure. Ka yi haƙuri Baba.

Injiniya_CO2:
Mu koma kan Hajiya. Sake bi zai yiwu ko da kin kwashe su. Ki shimfiɗa kwali a kan gadon, ki danne shi kada ya motsa, ki yanke siffar allunan da fayil ɗin da kika yi aikin da shi, ki cire abin da ya yanku, ki saka allunan cikin guraben. In ba ki taɓa wurin farawa ba, haruffan za su faɗa inda suke. Sai ki bi da ƙaramin ƙarfi da gudu mai sauri, ya share saman farin kawai. Jan da ke sama siriri ne ƙwarai, bai kai kashi 1 cikin 10 na milimita ba a irin waɗanda aka yi don leza, shi ya sa yawan ƙarfi ke jawo matsala: farin ya yi laushi, jar ƙura ta sauka a kai ta nutse. Abin da ya nutse kuwa sabulu ba ya cire shi.

A kan 20 ɗin da suka rage, ki sa na'ura ta fara sassaƙa daga ƙasan zane ta hau sama, wato daga gaban gado zuwa baya. In fankar da ke zuƙe hayaƙi tana baya, hayaƙin zai bi ta kan inda ba a sassaƙa ba tukuna, maimakon ya bi ta kan farin da ya fito yana da zafi. Ki rage iskar da ke hurawa daga bakin leza lokacin sassaƙa, don tana danna ƙurar cikin rami, ki mayar da ita lokacin yanka.

Ɗan_Hayaƙi:
Farin soson nan na melamin fa? Yana cire komai.

Uwar_Bajo:
Yana cirewa don kankara yake yi. A fuska mai sheƙi zai bar dishi-dishi, a mai kalar zinare ko azurfa kuwa sai ya ci kalar. Kuma ba ya shiga kusurwar ƙananan haruffa.

Tsohon_Hannu:
Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake sayar mana da falle babu takarda, babu suna a bayansa. Ka tambayi mai kaya ko na leza ne, ya ce duk ɗaya ne. Alhali wani fallen robar ABS ce, ba akirilik ba, da aka yi don na'ura mai sassaƙa da haƙorin ƙarfe, a leza narkewa yake yi ya yi danƙo, bakin harafi ya kumbura.

Injiniya_CO2:
Wannan ma da sauƙi. In aka haɗa ka da PVC, irin robar da ake bututun ruwa da ita, hayaƙinsa na ɗauke da sinadarin kulorin, yana ƙona huhu, yana sa ƙarafan na'ura tsatsa. Ni duk fallen da ban sani ba sai na gwada: in ƙona wayar tagulla ta yi ja, in taɓa robar, in mayar cikin wuta. In harshen wutar ya yi kore, ba ya shiga na'urata.

Uwar_Bajo:
Ni an taɓa kawo mini falle biyu a oda ɗaya, jansu ma bai zo ɗaya ba. Na mayar, aka ce ai na ɓare ledar, ba a karɓa. To ta yaya zan ga kalar ban ɓare ba?

Yanka_Daidai:
Haka suka yi mini da katako, kaurin da aka rubuta daban, wanda aka kawo daban.

Mai_Alluna:
Na gode muku duka. Nawa fallen ma babu suna a bayansa, yanzu na duba. Na gwada nafta a allo ɗaya, manyan haruffa sun yi haske sosai amma kusurwoyin ƙananan har yanzu da sauran ja. Na yanka kwalin, na sake bin guda biyu: ɗaya ya fito fari tas, ɗayan ya goce kaɗan, gefen harafin ya yi kamar inuwa. Malam Injiniya, kwalin ne ya motsa ko gurbin ne ya yi wa allon yawa? Saura 37, ina tsoron in ci gaba.

Tsohon_Hannu:
Babu suna ko? Ƙanwata, ki yi gwajin tagullar nan kafin ki ƙara kunna na'ura. Wa ya sayar miki da shi, kuma me ya ce miki da kika tambaya?