Inuwa a Bango: Musayar Waƙa kan Kogon Aflatun da Wayar Hannu

Ɗan Kurmi:
Salamu alaikum, ma'abota baiti. Na share fili, babban amsa-amo "wa" ne. Mai ƙwar biyu da mai ƙwar huɗu duk bismillah.

Da sunan Allah Mai iko,
Shi ne na ƙarshe, na farko,
Na zo muku yau da saƙo
Kan wayar da ke hannun kowa.

Shekara 375 ko kusa,
Kafin zuwan Annabi Isa,
Aflatun ya hango nesa
A Atina, birnin Girkawa.

Ya kawo misalin wani kogo,
Mai zurfi, baƙi, dogo,
An ɗaure mutane suna duban bango
Tun suna yara, ba waiwayawa.

Mari a ƙafa, ƙangi a wuya,
An hura wuta can daga baya,
Wasu na wucewa ɗauke da kaya,
Bango na nuna inuwa.

Ba su san doki ba, sai inuwarsa,
Wanda ya riga faɗin sunansa
Shi ne gwani, a yi ta yabonsa,
A ce ya fi kowa ganewa.

Ɗaya ya kuɓuta ya fita sarari,
Rana ta kashe masa ido da fari,
Da ya saba ya komo da labari,
Suka ce tafiyar ta sa shi makancewa.

Je majalisa bayan magariba,
Samari a jere, ba mai duba
Fuskar aboki, balle ta baba,
Wuya a sunkuye, yatsa na shafawa.

Bangon ya tsuke ya shiga aljihu,
Yana haska fuska cikin duhu,
Inuwa ta gifta, a ɗau ihu,
Ashe kogon nan muke komawa.

Baƙon Damagaram:
Yaya Ɗan Kurmi, sannu da aiki. Amma ban haɗiye duka ba.

Na kogo da ƙarfi aka ɗaure su,
Mu data muke saye, ba mai tilastawa.

Tsoron sabon abu kuma tsoho ne,
Sukurat ma ya yi irin wannan damuwa.

Malamin Aflatun ɗin nan naka
Ya zargi rubutu da jawo mantuwa.

Ya ba da labarin wani sarkin Masar
Da aka kai wa haruffa don dubawa,

Sarki ya ce: wannan zai ba ɗalibi
Kamannin sani, ciki babu ƙoshiwa.

To da Aflatun bai ɗau alƙalami ba,
Ina za ka ji kogon da kake kawowa?

Ta waya nake jin kuɗin gero a Dawanau
Tun kafin in ɗaure buhu don kaiwa.

Ta waya Inna ke ganin jikanta
Da ke Kumasi, har ya yi mata rawa.

In wannan ce inuwar, Yaya,
Bar ni ciki, rana na ƙonawa.

Gwaggo Mai Koko:
Kai yaro, matso nan in tuna maka.

Ɗana na Damagaram, saurara,
2014 ce shekara,
Ebola ta shigo Legas, an fara
Jin tsoro, ko hannu ba a miƙawa.

Watan Agusta, dare ya raba,
Waya na ta ƙara: ku tashi ku duba,
A dafa ruwa, gishiri a zuba,
A yi wanka, a sha, kafin wayewa.

Unguwarmu kaf an hura wuta,
Maza da yara, balle mata,
Mai digiri da bokiti ya fita,
Mai hawan jini na ta kurɓawa.

Wasu sai gadon asibiti, wasu kabari,
Ba Ebola ba ce, gishiri,
Kuma wa ya aiko da labari?
Ɗan'uwanka, don ƙauna yake turowa.

Na Aflatun, baƙi ke ɗauke da kaya,
Namu, ƙani ke tura wa yaya,
Yaya ta tura wa kishiya,
Kowa ɗaurarre, kuma kowa mai nunawa.

Malam Mai Alli:
Gwaggo, a gaishe ki. Tunda ɗan Damagaram ya kira Sukurat shaida, bari mu ji sauran bakinsa.

Sukurat ya ce a naɗa yara alƙalai,
Likita da kuku su zo gurfanawa.

Kuku ya ce: ni ke ba ku zaƙi,
Wancan sai ɗaci, da yanka, da ƙonawa.

Wa yaran za su ɗaure? Likita,
Shari'ar ba ta buƙatar tattaunawa.

Sukurat ma a 399 kafin Miladiyya
Atina ta miƙa masa guba don shanyewa.

Injin da ke jera mana labarai
Kuku ne, ba ya aikin warkarwa.

Yana lura da inda yatsanka ya tsaya,
Da daƙiƙun da ka yi kana dubawa.

Ka tsaya kan faɗa, gobe faɗa biyu,
Ka tsaya kan zagi, ya ƙaro da yawa.

Bangon Aflatun ɗaya ne ga jama'a,
Namu kowa da nasa ake zanawa.

Shi ya sa wa da ƙani, ɗaki ɗaya,
Kowa da Najeriyar da yake hangowa.

A 2012 kamfanin Facebook ya gwada,
Mako guda, babu sanarwa,

Mutum 689,003, wasu an rage musu
Labaran daɗi, wasu na damuwa.

Rubutunsu ya bi abin da aka ba su,
Kaɗan ne dai, amma ya isa aunawa.

Baƙon Damagaram:

Malam, Allah ya ƙara sani,
Tambaya ɗaya ke damun ni:
Wannan baitin da ka ba ni,
Ta wane bango yake fitowa?

Almajirin Zaure:
Duk kun tattara kun tafi Girka. Mu ma a zaure an biya mana wani abu a kan haka.

Imamu Gazali, da ya rasu a 1111,
Da idon kansa ya fara gwadawa.

Ya ce ido na ganin inuwa tsaye cik,
Ka dawo an jima, ashe tana matsawa.

Yana ganin tauraro kamar dinari,
Alhali ya fi duniya in an yi aunawa.

In idon da Allah ya yi na yin haka,
Ina ga hoton da ya sha gogewa?

Amarya ta fito fes a Instagram,
Dangin ango sun zo, sun kasa shaidawa.

Ibnu Sirin ya ce da ba a neman isnadi,
Da fitina ta auku aka fara cewa:

Ku ambata mana mazajenku,
A san wa ya faɗa kafin karɓawa.

Yau isnadin saƙo: an turo sau da dama,
Shi ke nan, sai a danna turawa.

Aya ta 6 cikin Hujurati na nan,
Ta ce a bincika kafin zartarwa.

'Yar Zango:
Ni abin da ke ɗaure mini kai daban ne, ku yi haƙuri da ƙanwarku.

Duk wanda ya ji labarin kogon nan
Sai ya ce shi ne mai kuɓucewa.

Ban taɓa jin wanda ya ce ni ne
Ɗaurarren da ke zaune yana tafawa.

A 2018 aka yi ta yaɗa Buhari ya rasu,
Wai da Jubril na Sudan aka yi musanyawa.

Masu faɗa na auna kunne a hoto,
Suna ce da mu: ku farka, talakawa!

Sai da ya tsaya a Poland cikin Disamba
Ya ce ni ne. Wasu suka ci gaba da musantawa.

To Yaya Ɗan Kurmi, kai ne mai fili,
Yaya ake raba mai fita da mai ruɗewa?

Ka tsai da su biyun ka tambaye su,
Duk "na ga rana" za ka ji suna cewa.

Ɗan Kurmi:

Ƙanwata, tambayarki da nauyi,
Aflatun dai ga nasa ra'ayi:
Mai dawowa jikinsa da sanyi,
Lalube yake, ana ta darawa.

A gasar inuwa shi ke baya,
Kafin ya amsa sai ya yi tambaya,
Wanda ya riga kowa sakawa a waya,
Shi nake jinkirin gaskatawa.

Baƙon Damagaram:

Yaya, in jinkiri ne shaida,
Hawainiya ta fi ku fa'ida,
Malam Mai Alli, ina takarda?
Tambayata na nan tana jiran amsawa.

Gwaggo, batun gishiri kam na sallama miki. Sauran sai an kawo wuta, cajina saura kashi 4.