Ina Kotun Ƙolin Amurka ta samo ikon soke doka?

Assalamu alaikum. Masana shari'a, don Allah ku agaza mini. Ina aikin makaranta kan kundin tsarin mulkin Amurka na 1787, wani abu ya shige mini duhu. Na bi Sashe na Uku, mai magana kan kotuna, layi-layi da biro a hannu, ban ga inda aka ba Kotun Ƙoli ikon soke dokar majalisa ba. Malaminmu ya ce Alƙalin Alƙalai John Marshall ne ya kafa hakan a shari'ar Marbury da Madison, a 1803. To kotu ce ta ba kanta iko ke nan? Me ya hana Shugaba Jefferson da majalisa taka mata birki? Jibi zan miƙa aikin.