Ta yaya rubutu kawai zai sa sabar ta tona asirinta?

Hadiza: Assalamu alaikum. Ina koyon rubuta manhaja, kuma malamanmu suna yawan gargaɗinmu kada mu amince da duk abin da mai amfani ya shigar. Abin da ya shige mini duhu shi ne yadda saƙo zalla, wanda babu ƙwayar cuta a cikinsa, zai iya jawo ɓarna. Ina roƙon a ba ni misalin abin da ya taɓa faruwa.

Malam Bashir: Wa alaikumus salam, Malama Hadiza. Ki duba kuskuren da ake kira Heartbleed, wanda aka bayyana a watan Afrilun 2014 a cikin OpenSSL, manhajar da ke ɓoye sirrin saƙonni a intanet. Akwai wani ɗan saƙo da kwamfuta take aika wa sabar (wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin intanet) domin ta tabbatar haɗinsu bai yanke ba: takan tura wasu haruffa tare da lambar da ke faɗin tsawonsu, sabar kuma ta mayar mata da su. Manhajar ba ta gwada lambar da ainihin abin da ya iso, saboda haka mai kutse yana iya tura harafi ɗaya ya ce tsawonsa ya kai kilobait 64, sabar ta cike gibin da duk abin da ta tarar a ma'ajiyarta ta wucin gadi, wanda kan haɗa da kalmomin sirri na wasu mutane. Kusan shekara biyu kuskuren ya yi a cikin sigogin da aka saki kafin a gano shi.

Injiniya Auwal: Na manhajar Log4j a Disambar 2021 ya fi ba ni mamaki, domin aikinta rubuta rahoton abin da ke gudana ne kawai. Sai ga shi idan ta ci karo da rubutun da ya fara da ${jndi: tana ɗaukarsa umarni, ta je wata sabar ta ɗauko wata manhaja ta gudanar da ita. Har ta akwatin hira na wasan Minecraft an nuna hakan yana yiwuwa.

Hadiza: Na gode. Ke nan idan na toshe irin waɗannan kalmomi tun a bakin shiga, na tsira?

Injiniya Auwal: Ban ba ki wannan shawara ba. Masu kutse sun riƙa farfasa kalmar jndi da wasu umarnai na Log4j ɗin kanta, ta yadda matacin ba zai gane ta ba amma manhajar za ta sake haɗa ta. Gyaran da ya tsaya shi ne wanda ya zo a sigar 2.16, inda aka daina fassara abin da ke cikin saƙo a matsayin umarni.